Malamin Turanci a garin Faransanci: zamana a Niyu Bel ta Duwala

Wannan jawabi ne da wani malamin makaranta, ɗan asalin ƙasar Mubi, ya yi a filinmu na makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka. Mun buga shi yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.

  Wanda ke ruga ya gama tatsa ya rataye rediyo a reshe, da wanda ke zaune bisa buhunan albasa yana jiran a ɗaga shinge, da direban da ya kwana biyu a bakin iyaka yana jiran takardunsa, duk sannunku da ɗawainiya. Allah ya ba da kasuwa, ya raya dukiya.

Ni malamin makaranta ne, Turanci nake koyarwa a birnin Duwala na ƙasar Kamaru tun shekarar 2015. An haife ni a wani ƙauye kusa da Mubi. Mahaifina makiyayi ne, ni ma sai da na bi shanu da sanda kafin in riƙe alli. Na yi karatun malanta a Yola. An ce in zo in ba ku labarin zaman can, da tafiye-tafiye, da yadda hutu ke zuwar wa baƙo. To, zan faɗi daɗin, zan kuma faɗi wuyar, don na san a cikinku akwai mai shirin tura ɗansa kudu neman abinci, akwai kuma mai shirin loda shanu zuwa can.

Ranar da na sauka

Kawuna ne ya kira ni. Shi ɗan kasuwar yadi ne a kasuwar Kongo, ya fi shekara talatin a Duwala. Ya ce wata makarantar kuɗi na neman malamin Turanci, in zo in gwada. Na haɗa kayana ina ta alfahari a zuci. Na ce ai wanda ya iya Turanci duniya tasa ce.

Da na sauka a tasha, wani ɗan acaɓa ya taso mini. Can bensikin suke ce musu. Ya buɗe baki ya zubo Faransanci kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na mayar masa da Turanci, ya dube ni ya yi dariya. Na duba allunan kan titi, ban gane ko ɗaya ba. Ga takardar shaidar malanta a jakata, amma ban iya tambayar kuɗin ruwan sha ba. Wallahi ranar na san abin da mahaifina yake ji idan ma'aikaci ya miƙa masa takarda ya ce ya dangwala. Abin da ya cece ni wani mai tsire ne a bakin tasha. Na ga hularsa na yi masa sallama, ya amsa da Hausa, ya faɗa wa ɗan acaɓar inda zai kai ni, har ya yi mini ciniki. Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko yana da ido. Ni dai na gani a kaina.

Unguwar da ake kira Niyu Bel

Duwala ba ita ce hedkwatar Kamaru ba, Yawunde ce. Amma kuɗin ƙasar a Duwala yake kwana, domin nan ne babbar tashar jiragen ruwa, a bakin kogin Wuri. Kayan da ake kaiwa Chadi da Afirka ta Tsakiya, da yawansu nan suke sauka kafin manyan motoci su ɗauka su bi ta Ngaundare da Garwa Bulai. Sunan ƙasar ma daga kogin nan ya fito. Turawan Fotugal da suka iso a 1472 sun tarar da shi cike da jatan lande, sai suka kira shi kogin jatan lande a harshensu, sunan ya bi baki har ya zama Kamaru.

Ita Niyu Bel tana da nata tarihin. Jamusawa ne suka fara mulkin ƙasar daga 1884. Gab da yaƙin duniya na farko suka ce za su tashi 'yan ƙabilar Duwala daga bakin ruwa su mayar da su can baya, don Turawa su zauna su kaɗai. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Filin da aka ware a bayan gari shi ne Niyu Bel, daga baya kuma baƙi ne suka cika shi: Hausawa, da Bamileke, da Basa, da mutanen Yawunde, da 'yan Najeriya, da mutanen Mali da Senegal. Kakanninmu fatake sun gangaro ta Banyo da Tibati da Yoko suna ciniki, har suka kai bakin teku. Yau za ka samu Bahaushe a unguwar nan wanda kakansa ma nan aka haife shi, bai taɓa ganin Kano ba, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi Bakano ne.

Idan ka shiga unguwar Hausawa da asuba, ka rufe ido, sai ka rantse kana Sabon Garin wani birni na arewa. Ga kiran salla ta kowace kusurwa, ga mai shayi yana fasa ƙwai, ga mai koko da ƙosai. Buɗe idonka kuwa sai ka ga bambanci. Lunguna ƙanana, gidajen katako da langa-langa a manne da juna, kwatoci cike da ruwa. Hausar ma ta sha ruwan wurin. Makaranta lekol, unguwa kartiye, babbar mota kamiyo, kwastan duwan. Da farko ina gyara wa yara, daga baya na ga ni ne baƙo, na bar su.

Sai ruwan sama. Ku mutanen arewa da ke roƙon ruwa, ku zo Duwala a watan Yuli da Agusta. Ruwan da ke sauka can a shekara ya ninka na ƙasar Kano wajen sau huɗu. Yakan kwana ya wuni yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado mako ɗaya sai ka tarar ya yi fumfuna. Littattafaina na farko haka suka lalace. Hunturu babu, sai gumi dare da rana, ga sauro. Duk mai zuwa ya fara sayen gidan sauro kafin katifa.

Me ya kai Turanci garin Faransanci?

Wannan tambaya kullum sai an yi mini ita idan na je gida. Amsar tana cikin tarihin da ya shafe mu, mu mutanen iyaka. Bayan an ci Jamus da yaƙi, Faransa ta ɗauki babban kaso na Kamaru, Ingila ta ɗauki siririn yanki a gefen Najeriya. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankin Ingila. Mutanen kudu, su Bamenda da Buya da Kumba, suka zaɓi Kamaru. Mutanen arewa, mu ke nan na Mubi har zuwa Gembu, muka zaɓi Najeriya. Mahaifina yana yaro lokacin, yakan ba mu labarin yadda manya suka yi ta muhawara a gindin bishiya. Kun ga da ƙuri'ar nan ta faɗa ɗaya gefen, da ni ba baƙo ba ne a Duwala, da ba wanda zai tambaye ni takardar zama.

Tun daga nan Kamaru take da harsunan gwamnati biyu. Jihohinta goma ne, takwas na Faransanci, biyu na Turanci. Yaron da ke karatu a tsarin Faransanci dole ya yi Turanci, kuma yana cikin jarrabawar BEPC da ta Bakaloreya. Akwai kuma makarantun tsarin Turanci masu yin GCE. Iyaye da yawa a Duwala, har da Hausawa, yanzu can suke kai 'ya'yansu, don suna hangen Najeriya da Dubai da sauran duniya. A kasuwa kuma akwai Turancin buroka, wanda ya yi kama da na Kalaba da Anaca, shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa idan Faransanci ya ƙare.

Amma bari in gaya wa matasa gaskiya, kada wani ya ji wannan ya ɗaura jaka. Tun ƙarshen 2016 da rikici ya ɓarke a jihohin nan biyu masu Turanci, malamai da iyalai da yawa suka gudo Duwala, musamman unguwar Bonaberi da ke tsallaken gada. Malamin Turanci ba ya wuyar samu yanzu, kuma ɗan ƙasa ne ake fara dubawa. Inda na fara aiki, da awa ake biyanmu. Awar da ka koyar ita ce kuɗinka. Ranar hutu babu, ranar ciwo babu, dogon hutu kuwa wata uku ba ko dala. Wanda bai iya ajiya ba, a watan Agusta zai san kansa.

Yinin malami

Ina tashi kafin asuba in tari ruwa, don famfo ba shi da alkawari. Bayan salla in sha koko da fanke da wake, abincin safen mutanen Duwala ke nan, talaka da mai kuɗi. Ƙarfe bakwai da rabi ana shiga aji. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba sai ta ci maka awa guda saboda cunkoso, musamman in hanyarka ta bi ta mahaɗar Ndokoti. Shi ya sa kowa ke hawa bensikin yana salati.

A aji ɗaya ina da ɗan Basa, da ɗan Bamileke, da ɗan Duwala, da Bahaushe, da Bafulatani. A tsakaninsu suna wani yare na samari da suka dama Faransanci da Turanci da buroka wuri guda, ba malamin da ke gane shi duka. Shekarar farko da hannu da zane nake koyarwa, su kuma suna koya mini Faransanci suna dariyar lafazina. Na ƙyale su suka yi dariyar, domin yaron da ya ga malaminsa ya yi kuskure bai mutu ba, shi ma sai ya daina tsoron buɗe baki.

Abinci kuwa, sai da ciki ya yi gardama kafin ya saba. Akwai ndole, miyar shuwaka ce da gyaɗa. Akwai miyondo da bobolo, rogo ne da ake jiƙawa a naɗe a ganye a dafa. Akwai gasasshen kifi a bakin titi da dare. Musulmi dai ya riƙa tambaya kafin ya ci nama a wajen unguwa. Amma ta fannin tsire da kilishi, mutanenmu ne ke riƙe da garin. Soya suke ce wa tsire, kuma duk mahaɗar da ka ga hayaƙi da yamma, yi sallama da Hausa za a amsa.

Ajin dare

Yanzu na zo kan abin da ya sa na yarda in yi wannan magana.

Wata rana bayan isha'i kawuna ya shigo da wani dattijo, dillalin shanu, wanda ke sauke kaya daga Ngaundare yana kaiwa kasuwar shanu ta Bonendale, kusa da mayanka. Ya zaro takarda daga aljihu a naɗe cikin leda. Ya ce: "Malam, duba mini wannan. Na ba wani mahauci daga yankin masu Turanci shanu takwas, ya ba ni rabin kuɗi, muka yi takarda a kan sauran. Yau wata biyu, na je karɓa ya ce ba na bin sa komai."

Na karanta. Na sake karantawa. Na ce: "Alhaji, wa ya karanta maka kafin ka sa hannu?" Ya ce: "Shi ya karanta mini." Na ce: "Alhaji, takardar nan cewa ta yi ka karɓi kuɗinka duka."

Dattijon nan bai ce uffan ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Shanun ba nasa ba ne, na mutane ne a ruga da suka ba shi amana, wasu ma guda ɗaya suka saka don a sayo musu hatsi. An kai magana gaban manyan unguwa da shugabannin kasuwa, aka nemo waɗanda suka ga cinikin, aka yi ta zama. A ƙarshe an samo wani abu, ba duka ba. Sauran Alhaji ya sayar da filinsa ya cika wa masu shanu.

Bayan mako biyu sai ga shi da littafin rubutu da biro. Ya ce: "Malam, na haura sittin. Ba na son Turancin zance. Koya mini inda kuɗi yake a takarda." Daga nan ajin dare ya fara, a zauren kawuna, daga isha'i zuwa ƙarfe goma. Muka fara mu uku, yanzu zauren ba ya ɗaukarmu. Akwai masu zuwa Anaca da Aba sayen kaya, akwai direbobi, akwai masu tsire.

Ga kaɗan daga abin da muke koya, ku ma ku riƙe. Na farko, a Turanci sha biyar da hamsin kusan sauti ɗaya ne a kunne, haka sha shida da sittin, har zuwa sha tara da casa'in. In ana ciniki ta waya, ka ce a turo maka lambar a rubuce. Na biyu, Faransanci yana da nasa tarkon: saba'in sittin da goma suke cewa, tamanin kuma ashirin huɗu. Mu kuma tsofaffinmu da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar, dala ashirin sefa ɗari. To ka ga mutum uku na iya faɗin lamba ɗaya kowa da abin da yake nufi. Na uku, a kowace takardar ciniki ka nemi kalma biyu: wadda ke nufin an biya duka, da wadda ke nufin saura. Ko ba ka iya komai ba, ka haddace kamannin waɗannan biyun kamar yadda ka san shaidar da ke jikin saniyarka. Na huɗu, wanda kuke ciniki da shi ba shi ne zai karanta maka takarda ba, ko da tare kuke salla.

Makiyaya, ku ma da naku. Maganin dabbobi da yawa da ke yawo a kasuwannin iyaka, bayaninsa da Turanci ko Faransanci yake. A jikin kwalba akwai ranar da maganin ke lalacewa, akwai yawan da za a yi gwargwadon nauyin dabba, akwai kuma kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Wata ɗalibata, 'yar mai tsire, ta je hutu rugar kakanninta a ƙasar Adamawa, ta tarar ana yi wa maruƙa allura da maganin da ya shekara da lalacewa. Ita ta karanta ta faɗa. Ubanta da yake shirin cire ta daga makaranta a shekarar, da ya ji labari daga bakin tsohonsa, sai ya fasa.

Alhaji kuwa, bara ya zo yana murmushi. An rubuta masa takardar lodi an sa shanu sha tara alhali ashirin ya loda. Shi da kansa ya gani, ya sa aka gyara tun motar ba ta tashi ba.

Hutu da yawo

Shekarar karatu tana farawa a Satumba ta ƙare a Yuni. Akwai hutun mako biyu a ƙarshen Disamba, da wani wajen ƙarshen Maris. Ranar 11 ga Fabrairu ita ce ranar matasa, ɗalibai na yin maci. Duk shekara ina tsaye a rana ina tsara layin yara, ina tuna cewa ranar ce kakannina suka jefa ƙuri'ar da ta mai da ni baƙo. Ranar 20 ga Mayu kuma bikin ƙasa. Ƙaramar salla da babba duk ranakun hutu ne, amma yini ɗaya. Washegari kana aji da ƙanshin nama a hannu.

Azumi a Duwala yana da sauƙi ta wani gefe, don garin na kusa da tsakiyar duniya, dare da rana kusan daidai suke duk shekara, kuma babu irin ranar Maiduguri. Gumi ne kawai ke tsotse mutum. Babbar salla kuwa sallar rago suke ce mata. Raguna na sauka daga arewa a manyan motoci, kasuwar awaki ta Niyu Bel ta cika har titi. Maƙwabtanmu Kirista suna jiran rabonsu, mu ma in Kirsimeti ta zo sukan aiko da shinkafa da lemo.

Da ɗan abin da na tara na ga wurare. Na je Limbe na ga yashin bakin teku baƙi ƙirin, saboda dutsen Kamaru mai aman wuta da ke tsaye a kanta, tsawonsa ya haura mita 4,000. Na je Kiribi na ga kogin Lobe yana faɗowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku. Ni da na girma ina haƙa yashi a rafi don maruƙa su sha, na tsaya ina kallon ruwan daɗi yana zubewa cikin ruwan gishiri ba mai tarewa. Na je Fumban na ga fadar Sarki Njoya, wanda ya ƙirƙiro wa mutanensa Bamun rubutun kansu. A Duwala kuma, farkon Disamba, akwai bikin Ngondo na mutanen bakin ruwa, ana tseren kwale-kwale a kogin Wuri.

Hanyar gida

Idan dogon hutu ya zo sai in kama hanyar gida. Daga Duwala zuwa Yawunde wajen kilomita 240 ne a mota. Daga nan jirgin ƙasa na dare, wanda ke tashi da yamma ya bi ta Nanga Eboko da Belabo da Ngaundal, ya isa Ngaundare da safe in Allah ya kiyaye. Layin dogon nan a 1974 ya kai Ngaundare, kuma har yau nan ya tsaya. A kowace tasha mata na zagaye jirgi da fitila suna tallan bobolo da ayaba da zuma. Ka kwanta cikin kurmi, ka farka ka leƙa taga ka ga fili ya buɗe, ga jar ƙasa, ga shanu farare da jajaye, ga yaro da sanda a kafaɗa. Duk shekara a daidai nan nake jin na fara isa gida.

Daga Ngaundare mota ce. A gangara dutsen nan mai kwana-kwana da direbobi ke tsoro, a tsallake gadar Binuwai a Garwa, a wuce Gidar, a kai Bukula, a tsallaka Sahuda, sai Mubi. Kwana biyu zuwa uku. Akwai gajerar hanya ta kudu, ta Ekok da Mfum zuwa Ikom, inda aka buɗe sabuwar gada a 2022. Amma ta cikin yankin rikici take bi, kuma ranar Litinin ba a fita a wurare da yawa can. Mai bin ta ya tambayi direbobin da suka fito jiya, kada ya dogara da labarin bara.

Maganar takardu, ku saurara da kyau. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS. Abin da ya wuce da kai Nijar ko Benin ba lalle ya wuce da kai nan ba. Ɗan Najeriya na shiga ba biza don gajeren zama, amma mai zama ya yi aiki dole ya yi takardar zama, kuma a riƙe katin rigakafin shawara. Kuɗin ma haka: sefar Kamaru da Chadi daban, sefar Nijar daban. Darajarsu ɗaya, amma mai shago a Duwala ba zai karɓi ta Maraɗi ba. Ni kaina na taɓa yin sakaci. Takardata ta ƙare, rasit ɗin sabuntawa kuma ruwa ya jiƙa shi a aljihu har rubutun ya goge. Aka sauke ni a wani shinge, motata ta tafi da kayana, na wuni a kan benci. Laifina ne. Tun ranar kowace takarda tawa tana cikin leda, da kwafinta a wata jaka, da hotonta a waya.

Shekarar da ban je ba

A watan Maris 2020, da cutar korona ta zo, Kamaru ta rufe iyakokinta da makarantu. Ba aiki, ba albashi, ba hanya. Cikin azumin shekarar ƙanena ya kira ya ce Baba ba lafiya. Na yi ta neman yadda zan yi. Wasu suka ce in bi ta daji, kawuna ya hana ni. Ya ce: "Ɗana, in aka kama ka, uwarka za ta yi kuka biyu." Na yi magana da Baba sau ɗaya ta waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya tambaye ni ko ana ruwa a can. Na ce ana yi. Ya ce to madalla. Kwana huɗu kafin salla ya rasu, aka binne shi ina Duwala.

Na zauna a ƙofar gidan kawuna karɓar gaisuwa, ina zaton mutum biyar ne za su zo, ga dokar hana taro. Sai mutane suka riƙa zuwa biyu-biyu, uku-uku, har kwana uku. Masu tsire, direbobi, 'yan ajin dare, iyayen yara. Abokan aikina Kirista suka zo suka tsaya daga gefe, sun koyo yadda ake cewa Allah ya jiƙansa da Hausa, suna faɗa da ƙyar. Alhaji ya aiko da buhun shinkafa, kuma watannin nan da ba albashi, ban san wanda ya riƙa biyan kuɗin ɗakina ba sai daga baya.

Baba yakan ce saniya ba ta san iyaka ba, ciyawa ta sani. Shi ya yi kiwo a ɓangarorin biyu duk rayuwarsa ba da takarda ba. Zamaninsa ke nan. Namu zamanin, iyaka tana iya rufewa cikin dare ɗaya, kuma takarda ce ke magana. Wanda zai bar gida ya san da wannan tun kafin ya fita. In iyayenka sun tsufa, duk hutun da ka samu ka je, kada ka ce sai baɗi in kuɗi sun taru.

Kafin lokaci ya ƙare

Ardo, cikin yaranka ka bar ko ɗaya ya yi karatu har ya iya karanta kwalbar magani da takardar ciniki, mace ko namiji. Ba a ce ya bar allo ba, ba a ce ya bar shanu ba. Ɗan kasuwa, shekarunka ba su hana ka koyon lambobi da kalmomi goma da kuɗinka ke rataye a kansu. Nemi malamin makarantar garinku, ku haɗu ku biyar ku ba shi na shayi, wata uku ya isa ku ga bambanci. Saurayi mai son zuwa Duwala, kada ka tashi sai kana da wanda zai sauke ka, da takardunka cikakku, da sana'a a hannu. In ka isa ka tambayi unguwar Hausawa ta Niyu Bel, ka fara gaida manya kafin ka nemi aiki.

Ina miƙa gaisuwa ga 'yan ajin dare, na san kun kewaye rediyo a zauren kawu, kada ku manta da aikin gida na ranar Asabar. Ina gaida mutanen Sahuda da Bukula, da na Gamboru da Fotokol, da na Banki da Amcide, da duk masu kan hanya a daren nan. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya jiƙan magabatanmu.